Crash Landing on You: soyayya a bakin iyakar Koriya biyu

Wannan wasan kwaikwayo mai kashi 16, wanda tashar tvN ta Koriya ta Kudu ta nuna daga Disamba 2019 zuwa Fabrairu 2020 kuma ake samunsa a Netflix, ya haɗa soyayya da barkwanci da makircin jami'an tsaro. Guguwa ce ta jefa wata hamshaƙiyar 'yar kasuwa ta Koriya ta Kudu cikin Koriya ta Arewa lokacin da take shawagi da lema, sai wani kyaftin na soja ya ɓoye ta, alhali asirin zai iya jawo masa halaka.

Ƙarfin wasan yana cikin rabin farko, inda rayuwar ƙauyen sojoji, da ɗauke wutar lantarki, da kayan kwalliyar Kudu da ake sayarwa a ɓoye a kasuwa, da tsegumin matan unguwa, suka ba soyayyar wurin tsayawa. Masu kallo da yawa sun fi ƙaunar waɗannan matan da ƙananan sojoji huɗu fiye da rikicin gadon kamfani da ake yi a dangin 'yar kasuwar, kuma ina tare da su. Da labarin ya koma Seoul sai tafiya ta yi nauyi, tallace-tallace suka yawaita, ga kowane kashi ya haura sa'a ɗaya.

Wasu a Kudu sun zargi wasan da ƙawata Arewa, ko da yake mugun cikinsa jami'in tsaron Arewa ne. Hyun Bin (kyaftin ɗin) da Son Ye-jin ('yar kasuwar), jaruman wasan waɗanda suka auri juna a 2022, sun riƙe wasan ko a inda rubutun ya yi rauni.