Saƙo daga Oslo zuwa Nima: kayan hawan dutse cikin ƙanƙara

Assalamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ina iyali? A gaida Hajiya da mutanen gida.

Batun babbar rigar sanyi da ka ce za a sayo wa yaron a Kantamanto, kasuwar gwanjo ta Accra, kafin ya taho Nowe, a sayo, amma ta jiran mota ce. Mai hawan dutse da siki, wato dogayen sillayen nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, gumi yake yi tamkar ɗan dako a kasuwar Agbogbloshie. Auduga kuwa tana shan gumi ta riƙe, da ya tsaya sai ta zame masa ƙanƙara a jiki. A nemo masa ta ulu wadda za ta taɓa fata, da safar ulu, da rigar sama marar nauyi mai tare iska. Idan an tona dila da kyau, gwanjonku ya fi na nan araha nesa ba kusa ba.

Sikin dai kada a wahala, sai nan. Sabo yana da tsada, amma akwai BUA, inda ake ba da aron kayan wasanni kyauta, akwai kuma Finn.no, kasuwar na hannu. Abin da ke cin kuɗi aikin hannu ne. A Nima shumeka zai gyara maka takalmi kana tsaye. A nan ɗaura maɗaurin takalmi a jikin siki sai ka bar shi a shago, ka biya, kuma babu tayi. Shi ya sa mai sayen na hannu zai fara duba ko maɗaurin ya dace da takalminsa. Maɗaurin da ake kira NNN na filin tsere daban, NNN BC na dutse daban, ba sa shiga juna. Sikin dutsen ya fi faɗi, kuma gefensa ƙarfe ne don ya ciji ƙanƙara mai tauri.

Hawa duk dabararsa na tsakiyar sikin. Ana shafa kaki a ƙasansa daga saitin diddige zuwa gaba, siriri, sau biyu ko uku, ana murzawa da toshiyar kwalaba. Swix, kamfanin da ke yin kakin, sun raba shi da launi: kore na tsananin sanyi, shuɗi na matsakaicin sanyi, ja idan ƙanƙara ta soma narkewa. Ka shafa shuɗi ranar ɗumi, kowane taku baya za ka zame. Ka shafa ja ranar sanyi, dusar ƙanƙara ta dunƙule a ƙasa kamar taɓo a silifa lokacin damina. Gara a fara da mai tauri, don mai laushi yana hawa kansa, shi kuwa ba ya hawa kan mai laushi. Idan tudu ya miƙe sai a manna fata mai gashi, wadda ke sulɓi gaba ta kama baya. In ya ƙara tsanani, a buɗe kawunan sikin waje, a taka da gefen ciki, sanduna a baya.

Saukowa ce mai ka da mutane, domin yatsu kaɗai ke ɗaure, diddige a sake yake. Wanda ya rinjaya gaba, da fuska zai sauka. A cire fatar, a naɗe ta cikin riga don kada gam ɗinta ya daskare. A lanƙwasa gwiwa, ƙafa ɗaya ta ɗan wuce ɗaya, hannuwa a gaba. Rage gudu kuwa, a haɗa kawunan sikin a ware bayansu. Wuri mai tsayi ba a fuskantarsa kai tsaye, yankarsa ake yi dama da hagu. Cikin itatuwa a zare hannu daga igiyar sanda, kada ta maƙale ta gurɗa kafaɗa.

Gangaren da ya kai digiri 30 yana iya zubo da ƙanƙara ya binne mutum. Shafin Varsom.no na fitar da gargaɗin zubowar ƙanƙara daga mataki 1 zuwa 5, kyauta. Sabon shiga dai ya hau jirgin ƙasa na layi na 1 zuwa Frognerseteren, a bakin dajin Oslo, inda mota ke share hanyar siki ta zana layi biyu, kuma ba a karɓar ko sisi na bin hanyar. Ya fita da wuri, ya ɗauki fitilar goshi, don a Disamba ƙarfe uku da 'yan mintoci rana ta faɗi a Oslo. Safar ulun a sayo ƙafa uku, kada su matse shi.