Ba da Jingar Aikin Gini a Ingila: Bayani Zuwa ga Yayana

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin da ka nema game da yadda ƙaramin ɗan kwangila irina, wanda bai daɗe da kafa kamfani ba, yake ba masu sana'a jingar aiki a nan Ingila. Sana'o'in dai su ne waɗanda ka sani: birkila, kafinta, mai filasta, mai fenti, mai aikin famfo da mai haɗa wutar lantarki. Abin da ya bambanta shi ne nauyin da ke hawa kan wanda ya ɗauko su, domin a nan duk abin da ɗan jinga ya yi ko ya kasa yi, ɗan kwangila ake fara tambaya.

A gida sanayya ce take buɗe ƙofa: wani ya shaidi mutum, a yi ciniki, a ba shi kafin alƙalami, gobe ya kama aiki. A nan ba na barin mutum ya taɓa bango sai na tantance shi a hukumar haraji ta HMRC, ƙarƙashin tsarin cire harajin masu aikin gini da ake kira CIS. Idan yana da rajista, yawanci wajibi ne in cire kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikinsa in miƙa wa hukuma, idan kuwa ba shi da ita sai in cire kashi 30. Ba a taɓa kuɗin kayan da ya saya, ladan hannunsa kaɗai ake yanka. Kowane wata kuma zan aika lissafi kafin ranar 19 ta wuce, in ba haka ba tarar fam 100 ta hau kaina. Da farko na ga abin kamar an mai da ni ma'aikacin haraji ba albashi, amma yana da amfaninsa, tunda kowane biya yana da shaida a rubuce kuma babu mai dawowa ya ce an ci masa haƙƙi.

Akwai kuma ayyukan da ƙwarewa kaɗai ba ta isa. Doka ta hana kowane mai sana'a taɓa bututun gas ko tukunyar ɗumama gida sai wanda sunansa ke cikin rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Mai wannan sana'a yana yawo da kati mai hotonsa, kuma a bayan katin an jera irin ayyukan da aka yarje masa, saboda haka nakan juya katin in karanta kafin mu yi maganar kuɗi. Shi ma mai wayarin, idan ya ja sabon layi a gidan zama, sai ya bayar da takardar gwaji. Wannan ɓangare ina ganin ya fi namu nesa ba kusa ba, domin gobarar da mummunan wayarin ke jawowa asara ce da kowa ya sani.

Inda sabon ɗan kwangila ya fi shan wahala shi ne wajen biya. Dokar gine-gine ta 1996 ta soke sharaɗin cewa ba zan biya ɗan jinga ba sai mai aiki ya biya ni, in ba shi mai aikin ne ya karye ba. Ma'ana, birkila da ya gama nasa zai miƙo takardar neman kuɗi a ƙarshen mako ko na wata, ni kuwa ko mai gida ya yi mini jinkiri dole in nemo in ba shi. Idan muka saɓa, yana da damar kai ƙara gaban mai sasanci, wanda yawanci yake yanke hukunci cikin kwana 28. A manyan ayyuka kuma akan riƙe kashi 3 zuwa 5 na kuɗin kwangila, a saki rabi idan an kammala, sauran sai bayan wata shida ko shekara idan babu gyara. Wanda ya shigo harkar da ɗan jari ƙalilan zai iya samun riba a takarda alhali asusunsa babu ko sisi, kuma na ga masu hannu mai kyau da wannan kaɗai ya durƙusar.

Kayan aiki suna rage wani ɓangare na damuwar. Katakon rufi yana zuwa da hatimin ƙarfinsa, C16 ko C24, don haka kafinta ba zai sayo mai rauni ya ce mai kyau ne ba. Dillalan kayan gini kan buɗe wa ɗan kwangila asusun bashi na wata guda, shi ya sa na fi son in sayi kayan da kaina in ba da jingar hannu kawai. Sai dai hakan yana jawo wani nauyin, domin wanda ke aiki da kayana a ƙarƙashin umarnina ana kallonsa kamar ma'aikacina ne ta fuskar inshora, kuma doka ta ce inshorar ma'aikata kada ta gaza fam miliyan 5.

Ladan masu sana'a a nan yana da tsada ƙwarai, kuma nagari cikinsu sai an kama layi makonni kafin a same su. Sabon kamfani ba shi da sunan da zai ja su, saboda haka abin da nake riƙe su da shi shi ne biya a ranar da aka yi alkawari, da shirya musu wuri yadda mai filasta ba zai zo ya tarar mai wayarin bai gama ba. Idan za ka ɗauki wani abu daga nan ka gwada a ayyukanka, ina ba ka shawarar ka fara da takardar jinga mai shafi ɗaya, wadda za ta faɗi iyakar aikin, wanda zai kawo kaya, ranakun biya, da wanda zai gyara idan aka sami matsala, kowa ya sa hannu gaban shaidu kafin a ba da kafin alƙalami.

Ka gaishe mini da iyali baki ɗaya.