Fensirin Staedtler Mars Lumograph a hannun mai koyon zane da kansa

Na shafe watanni ina koyon zane ni kaɗai da fensirin makaranta, kuma duk fuskar da na zana sai ta fito ba zurfi, har sai da na sayi Mars Lumograph na kamfanin Staedtler, wanda aka kafa a Jamus a shekarar 1835. Kowane fensiri yana da lambarsa: H na nuna tauri, B na nuna taushi, HB kuma matsakaici ne. Da 2H nake fitar da siffa ba tare da dannawa ba, domin layinsa siriri ne mai haske, sannan in ɗauki 6B in cika inuwar ƙarƙashin haɓa da ƙwayar ido. Mai taushin yana baƙanta gefen hannu, shi ya sa nake shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin tafina. A ganina, 2H da HB da 2B da 6B sun wadatar da mai farawa.