Gundumar McDowell: Ramin Kwal ko Baƙi Masu Yawon Buɗe Ido?

A 1950 mutanen gundumar McDowell, can cikin duwatsun jihar West Virginia ta Amurka, sun kusa dubu 100. Ƙidayar 2020 ta samu 19,111 kacal. Waɗanda suka rage suna tsakanin abu biyu: su riƙe kwal, ko su dogara da baƙi.

Har yanzu kwal ne mai tsoka. Irin wanda ake haƙowa a nan masana'antun ƙarfe ke nema, kuma albashin mai shiga rami ya fi na yawancin ayyukan yankin. Sai dai injuna sun daɗe da cinye guraben aiki, kasuwar kuma yau ta hau, gobe ta faɗi. Ga ƙurar da ke taruwa a huhu. Za ka ga magidanci da sauran ƙarfinsa, amma kafin ya gama hawa matakalar gidansa sai ya tsaya ya mai da numfashi. Wannan ciwo ba ya warkewa.

Su kuwa baƙi da babura masu ƙafa huɗu suke zuwa, su bi hanyoyin Hatfield-McCoy da aka tanada cikin daji don irin wannan tuƙi, su kama ɗaki, su sha mai, su ci abinci. Kuɗin ba yawa, kuma mai ɗakunan haya ya fi ma'aikaci amfana.

Ni dai na fi karkata ga baƙin, don ba a sayar da lafiya. Amma kantin Walmart na gundumar ya rufe a 2016, kuma garin Keystone da ke cikinta ya yi shekaru sai an tafasa ruwan famfo kafin a sha. Sai an gyara ruwa da hanya baƙi za su yawaita.