Sitaci ko Selulos: Abin Dubawa Kafin Sayen Garin Tace Gurɓataccen Ruwa

Masu majema da masu rini a Zariya, da ɗaliban da ke bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar nazarin fata ta Samaru, sukan tsaya tsakanin sitaci da selulos da aka sarrafa da sinadarai idan suna neman abin da zai kama dalma, ƙarfen kuromiyam ko launin rini kafin ruwan ya gangara kogin Kubanni. Dukansu daga sukarin gulukos aka gina su, sai dai ɗaurin ƙwayoyinsu ya bambanta, wannan ne ya sa sitacin rogo da na masara ke kumbura su zama koko a ruwan zafi, alhali selulos na auduga, buntun shinkafa da totuwar masara ba ya narkewa.

Tambayar farko ba ta farashi ba ce, ta irin dattin da ke cikin ruwan ce. Dalma da kuromiyam mai lamba 3, wanda majema ke amfani da shi, suna ɗauke da cajin lantarki na fozitif, don haka garin da aka liƙa wa rukunin kabokzil, wani ɓangaren sinadari mai cajin negetif, ta hanyar dafa shi da asid na lemun tsami ko makamancinsa, shi ne ke jan su, kuma ya fi aiki idan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana wajen 5. Kuromiyam mai lamba 6, wanda ya fi guba, cajinsa negetif ne, saboda haka yana bukatar sitaci ko selulos mai cajin fozitif, galibi a ruwa mai tsami sosai. Wanda ya sayi ɗaya don aikin ɗayan ya yi asarar kuɗinsa.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Garin CMC da masu haɗa sabulun ruwa ke saya a kasuwar Sabon Gari selulos ne da aka sarrafa, amma yana narkewa ya kaurara ruwa, ba a iya tace shi a fitar. Dole mai saye ya tambaya ko an ƙulle ƙwayoyin garin da juna don kada ya narke, kamar yadda ake yi da sinadarin efikulorohaidirin, ya kuma jiƙa cokali guda a kofi ya kwana. Idan ya zama kunu, bai dace ba.

Sitaci ya fi sauƙin sarrafawa, amma yana saurin ruɓewa, kuma kumburinsa kan toshe matata. A ganina, wanda zai riƙa tace ruwa kullum ta cikin bututu ya fi dacewa da selulos, domin yana jure wankewa da asid mai rauni a sake amfani da shi. Sitaci ya wadatar wa mai zuba gari a randa sau ɗaya ya tace.

Kafin a biya kuɗin buhu, a kai samfurin ruwan da aka tace ɗakin gwaji, domin iyakar dalma da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha miligiram 0.01 ne a kowace lita, kuma ido ba ya ganin wannan.