Zoben sitaci ko zoben kambi?

Wasu sinadarai suna zuwa biyu-biyu kamar hannun dama da na hagu, kuma sau da yawa ɗaya kaɗai mai haɗa magani yake so. Daga cikin dabarun da ake bi akwai sa ƙwaya mai siffar zobe ta riƙe abin da ake sarrafawa, ta tare masa gefe guda, don a fi samun wanda ake so.

Zoben sitaci, wato saiklodestirin, daga sitaci ake samunsa, na masara ko dankali. Zobe ne na sukarin gulukos 6, 7 ko 8. Cikinsa ba ya shiri da ruwa, bayansa kuwa yana so, don haka ƙwaya mai maiƙo ta shige ramin, a yi aikin cikin ruwa. Ga araha, kuma da bambancin damansa da hagunsa ya zo tun asali. Matsalarsa dai riƙon sako-sako ne. In ba a yi masa ƙari a baki ba, zaɓen dama ko hagu da yake yi yawanci bai taka kara ya karya ba.

Zoben kambi, wanda masanin sinadarai Charles Pedersen ya bayyana a 1967, ƙarfe yake kamawa. Mai ƙwayar oksijin 6 ya yi wa fotashiyam daidai wa daida. Amma shi ba ya da dama ko hagu sai an gina masa, aiki mai cin lokaci da kuɗi. Wani masanin, Donald Cram, ya yi hakan, a 1981 ya sami zaɓe da ya kai kashi 99 cikin 100 a wani haɗi, cikin tsananin sanyi.

Ni dai in aikin na ruwa ne kuma aljihu ba nauyi, sitaci zan fara gwadawa.