Gidan bakin tafki a Ireland: sakiyar da ba ruwa da aka yi wa kawuna

Jama'a, shafin da ya damfari kawuna har yau yana nan a Facebook. Suna kawai suka canza, shi ya sa na ga gara in yi magana.

Kawu ya yi ritaya bara. Tun ina yaro yake cewa in Allah ya nuna masa hutu, so yake ya kwana a inda babu ƙarar janareto, ya buɗe taga ya ga ruwa da ciyawa shar. Da yake ni ina aiki a Dublin, sai hankalinsa ya koma Ireland, kuma bai gaya mini ba, wai so yake ya ba ni mamaki. Ya ci karo da talla: ɗan farin gida a bakin tafkin Lough Derg, kusa da garin Killaloe, ga kwalekwale a ɗaure, mako guda, za a ɗauko shi da Hajiya daga filin jirgi, har biza za su taimaka. Daga Facebook suka ja shi WhatsApp. Mutumin har sallama yake masa, yana tambayar lafiyar Hajiya. Sai ya ce akwai wasu da ke neman makon, in ba a ba da kafin alƙalami cikin kwana biyu ba gidan ya tafi. Kawu ya nemi ɗan canji ya tura yuro 700.

Bayan ya tura ne ya kira ni yana dariya. Na ce, "Kawu, don Allah su turo maka Eircode ɗin gidan." Ya ce, "Ɗana, mene ne kuma wannan?"

A karkarar Ireland gidaje da yawa ba su da lamba a ƙofa, shi ya sa tun 2015 kowane adireshi yake da nasa Eircode, haruffa da lambobi guda 7, kuma kowa na iya duba shi kyauta a intanet ya ga inda gidan yake a taswira. Mai gidan gaskiya a take zai ba ka. Su kuwa sai da suka yi kwana uku suna kwana-kwana, da suka turo kuma sai ya nuna wani shago a tsakiyar birnin Limerick. Na sa hotunan a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, sai ga gidan a wani sanannen shafin kama masauki, kuɗinsa ya kusa ninka wanda suka faɗa wa Kawu. Hoto ɗaya ma na Lough Erne ne, a Fermanagh, wato Ireland ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, kuɗinta fam, bizarta daban.

Ranar Asabar na hau titin M7, tafiyar sama da awa biyu, ruwa na ta tsuga (a hotunansu kullum rana ce, wanda ya zauna a yammacin ƙasar nan ya san wannan ma abin tuhuma ne). Na tsallake tsohuwar gadar dutse ta kogin Shannon na shiga Killaloe, na yi tambaya har na isa. Gidan na nan, kwalekwalen ma na nan. Wata dattijuwa ta fito da takalmin roba, tana ganin hoton a wayata ta girgiza kai. Ta ce ba ni ne farko ba, kwanakin baya wasu suka sauka da akwatuna da yara, ta rasa yadda za ta yi da su sai shayi da ta ba su. Ni ma shayin na samu.

Maganar biza ce ta fi ƙona mini rai. Sun ce masa "bizar Turai" ta wadatar. Ireland tana Tarayyar Turai amma ba ta cikin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar Faransa ko Jamus ba za ta shigar da kai Dublin ba. Mai fasfon Najeriya bizar Ireland zai nema, ta gajeren zama wadda ba ta wuce kwana 90, kuɗinta yuro 60 in shiga ɗaya ce, ana cike takardar a intanet, kuma ƙasar tana da ofishin jakadanci a Abuja. Babu mai gidan haya da ke da hannu a ciki.

Lambar asusun da aka tura kuɗin ma ba ta fara da haruffan IE ba kamar na bankunan Ireland. Wannan shi kaɗai ba hujja ba ne, amma sunan mai asusun ma ba na dattijuwar ba ne. Da ta shafin masaukin aka biya, akwai wanda za a riƙe. Kuɗin da ya bi ta hannun ɗan canji zuwa asusun baƙo kuwa, sai dai addu'a.

Na kai ƙara ofishin Garda, 'yan sandan ƙasar, Kawu kuma ya rubuta wa EFCC. Da ya nemi su mayar masa da kuɗinsa, cewa suka yi ya ƙara yuro 150 na soke ajiya. Bai ƙara ba. Yanzu farin gidan nan da kwalekwalensa, a shafinsu, wai a Killarney yake, wani gari daban can kudu maso yammacin ƙasar.